Zuwa Ga Jauro: Ashe Oksijin Ma Bafulatani Ne

Jauro bawana, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Yerwa ka durƙusa ka gaishe ni. Yaya ruga, yaya shanu, yaya kuma ƙafa? Dole in tambayi lafiyar ƙafa tunda ita ce motarka.

Aiko muku da wasiƙa ba yau muka fara ba. Tun zamanin Shehu Laminu takardu ke tashi daga Barno su nufi Sakkwato. Sai dai a wancan lokaci akwai masu ba da amsa irin su Muhammadu Bello, malaman da in sun ɗauki alƙalami sai kowa ya gyara zama. Ni kuwa da kai Allah ya haɗa ni. Haka zan haƙura in rubuta dalla-dalla, ɗiyarka ta karanta maka, tunda dama saboda ita na ɗauki biro.

Labari ya iso ni cewa yarinyar nan, da take shirin jarrabawar gama sakandare, ta tambaye ka abin da ya sa mai ba ya gauraya da ruwa. Wai ka gyara malafa, ka saɓa sanda a wuya, ka ce ai mai ba shi da nauyi, shi ya sa yake tasowa sama. Ta ce to me ya hana su cakuɗa? Ka ce gaba ce tsakaninsu tun fil'azal. Aradu, in ji ku, da a gaban mai maki ka faɗi haka, ko akuya ba za a ba ka kiwo ba.

Rashin nauyi yana faɗa mana wanda zai zauna sama da wanda zai zauna ƙasa, iyakarsa ke nan. Litar ruwa giram 1,000 ce, litar man gyaɗa wajen giram 920. To amma sifirit ɗin da ake goge maka hannu da shi kafin allura, ranar da aka yi sa'a aka kamo ka zuwa asibiti, litar tsantsarsa ba ta wuce giram 790 ba. Ya fi mai rashin nauyi nesa ba kusa ba, amma zuba shi a ruwa ka gani, nan take zai ɓace a ciki ba ka iya raba su. Zuma kuma ta fi ruwa nauyi, ita ma tana narkewa. Ka ga maganar nauyi ta faɗi. Maganar gaba ma za ta faɗi, amma sai mun sauka can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Duk abin da ka taɓa, daga sandarka har gashin jelar saniyarka, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, waɗanda 'yan makaranta ke kira atam. Iri 118 aka sani zuwa yanzu, suna jere a jadawalin da wani masani ɗan Rasha, Mendeleyeb, ya fara tsarawa a 1869. Sai ka jera miliyoyinsu kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Kowane atam yana da cibiya mai cajin ƙari, irin alamar da ke kan batirin rediyonka, sannan wasu 'yan mitsi-mitsi masu cajin ragi suna kewaye da ita hawa-hawa. Su ne ilektaron, waɗanda J. J. Tomson ya gano a Kambirij ta Ingila a 1897. Hawa na farko biyu yake ɗauka, na biyu takwas. Atam ɗin da hawansa na waje ya cika, irin su niyon da agon, ba ruwansa da kowa, shi kaɗai yake yawonsa. Sauran kuwa sai sun ƙulla da wani. Duk kemistirin da ke ba ɗiyarka ciwon kai a kan waɗannan ilektaron na waje yake: wa ya bayar, wa ya karɓa, su wa suka yi tarayya, kuma a cikin tarayyar wa ya fi morewa.

Malaman aji kan ce atam "yana son" ya cika takwas. Hanyar sauƙaƙa wa yara ce, ban hana ba, amma kada yarinyar ta ɗauka atam zuciya gare shi. Cajin ƙari na jan cajin ragi, iri ɗaya na ture juna, sai tsarin da ya fi kwanciya ya tabbata. Shi ke nan.

Bari mu fara da kayanmu, gishiri. Na san ka san shi, domin tun kakanni ayarin raƙuma ke ratso Tenere da kantun Balma da Fachi, inda 'yan'uwanmu Barebarin Kawar ke haƙo shi, ku kuma kuna jira a kasuwa da 'yan kuɗin tsala a ƙulle a bakin zane. Har gobe 'yan'uwanka Bororo na kora garke zuwa Ingal a ƙarshen damina don dabbobi su sha ruwan gishiri su lashi ƙasarsa. Abu biyu suka haɗu suka ba da shi. Akwai sodiyam, wani ƙarfe mai laushi da ake yankawa da wuƙa, wanda in ka jefa ɗan guntunsa a ruwa sai ya hau tafarfasa, wani lokaci har da wuta. Akwai kulorin, iska mai guba da aka yi yaƙi da ita a Beljiyam a 1915. Sodiyam na da ilektaron 11: biyu, takwas, sai ɗaya tilo a waje. Kulorin na da 17: biyu, takwas, bakwai. Sai sodiyam ya sallama wannan ɗayan gaba ɗaya, kulorin ya karɓe. Wanda ya bayar ya koma mai cajin ƙari, wanda ya karɓa ya koma mai cajin ragi, jan da ke tsakaninsu ya manne su. Wannan shi ne ɗaurin ayon. Kuma ba biyu-biyu suke zama ba. Kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowane kulorin sodiyam shida, haka jeren yake tafiya ta kowace fuska, shi ya sa ƙwayar gishiri ke da kusurwoyi in ka duba ta da kyau. Ƙarfin wannan riƙo ya kai sai zafi ya kai digiri 801 kafin gishiri ya narke a wuta. Ka lura, guba da ƙarfe mai tashin wuta suka haɗu, abin da ya fito shi saniyarka ke lasa tana lumshe ido.

Na ƙarafa ba zan daɗe a kansa ba. A jan ƙarfe ko dalma ko sanholon tukunya, atam ɗin duk sun saki ilektaron nasu na waje, suna yawo a tsakaninsu ba mai cewa nawa ne. Shi ya sa waya ke ɗaukar wuta, shi ya sa kuma maƙeri ke iya lanƙwasa mundayen uwargidanka ba su karye ba.

Yanzu ga inda ka shigo. A 1916 wani Ba'amurke, Gilbat Luwis, ya kawo bayanin cewa atam biyu na iya ɗaurewa ba tare da ɗaya ya sallama wa ɗaya ba. Kowa ya kawo ilektaron guda, su haɗa biyu, su zama na tarayya. Shi ne ɗaurin da ke riƙe da ruwa, da sukari, da mai, da naman jikinka. To ka san yadda tarayya take. A ce ni da kai mun haɗa kuɗi mun sayi saniya. A takarda tamu ce mu biyu. Amma a ina take kwana? A rugarka. Wa ke tatsa? Uwargidanka. Gonar wa ke shan taki? Ni dai in na zo da salla sai a nuna mini ita daga nesa, a ce ga saniyarmu can tana gaishe ka. Ba ka ƙwace ba, ban kuma sallama ba, amma kowa ya san inda amfanin ya karkata.

Haka oksijin yake yi wa haidirojin a cikin ruwa. Ilektaron biyun da suka haɗa na tarayya ne, sai dai sun fi zama a wajen oksijin, domin cibiyarsa ta fi ƙarfin ja. Sai gefen oksijin ya ɗan yi cajin ragi, gefen haidirojin ya ɗan yi cajin ƙari. Ɗan kaɗan ne, bai kai na gishiri ba, amma yana nan. Wannan shi ake kira ɗauri mai rinjaye. A 1932 Lainus Folin, shi ma Ba'amurke, wanda ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 1954, ya auna wa kowane atam ƙarfin jansa ya ba shi lamba. A ma'auninsa kamar yadda ake amfani da shi yau, oksijin na da 3.44, kulorin 3.16, naitirojin 3.04, kabon 2.55, haidirojin 2.20, sodiyam kuwa 0.93. Guda ɗaya ne kawai ya fi oksijin iya janye saniyar tarayya, shi ne fulorin mai 3.98, wannan sai dai a kira shi Arɗon Arɗaye.

Yarinya ta riƙe wannan, don a nan ake cin maki: ɗebe ƙaramar lamba daga babba. Haidirojin da haidirojin, ko oksijin da oksijin, bambancinsu sifiri ne, kamar Fulani biyu sun haɗa saniya, ba mai iya yi wa wani wayo, dole ta kwana a tsakiya. Kabon da haidirojin 0.35, kusan raba daidai. Oksijin da haidirojin 1.24, saniya ta koma ruga. Sodiyam da kulorin 2.23, an sallama ta ɗungurungum. Littattafan makaranta kan yanka iyaka su ce daga lamba kaza an shiga wani gida, amma a gaskiya babu katanga a tsakani. Hanya ɗaya ce doguwa daga raba daidai zuwa sallamawa, kowane ɗauri da inda ya tsaya a kanta.

Da a nan maganar ta ƙare da ko kai ka gane. Amma akwai saura, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a duk darasin. Atam in sun ɗaure sun zama dunƙule guda, wato molekul, ba ƙarfin ja kaɗai ke aiki ba, har da siffar da dunƙulen ya ɗauka.

Ɗauki iskar da kake fitarwa in ka yi numfashi, kabon dayoksaid, wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Kabon ɗaya ne a tsakiya, oksijin biyu a gefe da gefe. Kowane oksijin na janye tarayyar zuwa wajensa, bambancin lambarsu 0.89, ba kaɗan ba ne. Amma a miƙe suke sambal, digiri 180. Jauro na ja gabas, ƙaninsa na ja yamma da ƙarfi iri ɗaya, Babarbare na tsakiya ko gezau. Kowane ɗauri akwai rinjaye a cikinsa, amma dunƙulen gaba ɗaya ba shi da gefen ƙari ko gefen ragi. Haka ma iskar mitan, wadda shanunka ke gyatsa suna ɗumama mana duniya kai kana cewa ba ruwanka: kabon a tsakiya, haidirojin huɗu sun bazu ta kusurwa huɗu daidai wa daida, digiri 109.5 tsakanin kowane biyu. Babu inda ta karkata.

Ruwa kuwa da mamaki. Shi ma atam uku ne, oksijin a tsakiya, haidirojin biyu a gefe. Sai ka zaci zai miƙe kamar wancan. Ina! Oksijin na da ilektaron shida a hawansa na waje. Biyu kawai ya sa a tarayya, ɗaya da wannan haidirojin, ɗaya da wancan. Sauran huɗun ya ɗaure su biyu-biyu a bayan bukka, ba a sa su a lissafi ba. Ban ce da kai nake ba, amma in an tambaye ka shanunka nawa ai ba ka taɓa faɗin gaskiyar adadi ba. Waɗannan na bayan bukka suna cin wuri, kuma tunda cajinsu ɗaya da na tarayyar, sai su ture su. Haidirojin biyun su matsu zuwa gefe guda, dunƙulen ya lanƙwashe, kusurwarsa ta tsaya a digiri 104.5. Wannan ƙa'ida ta ture-turen ilektaron, Gilesfi da Naiholm ne suka daidaita ta a Landan a 1957, kuma da ita ɗalibi zai iya hasashen siffar dunƙule da biro da takarda kawai. Tunda ruwa a lanƙwashe yake, jan biyun ba su kashe juna ba, sun taru sun nufi wajen oksijin. Sai kowane dunƙulen ruwa ya zama mai kai biyu, gefe ɗaya ragi, gefe ɗaya ƙari. Har ma'auni gare shi mai sunan Fita Dibai, ɗan ƙasar Holan da ya ci Nobel a 1936: ruwa na da dibai 1.85, kabon dayoksaid sifiri.

Kada ka raina wannan 'yar lanƙwasa. Saboda ita, haidirojin na wannan dunƙule yake manne wa oksijin na maƙwabcinsa, kowane dunƙule na iya riƙe har huɗu. Riƙon ba shi da ƙarfi sosai, wajen kashi ɗaya cikin ashirin na ɗaurin da ke cikin dunƙulen kansa, yana kwancewa yana sake ɗauruwa ba ƙaƙƙautawa, amma yawa ne da shi. Ana kiransa ɗaurin haidirojin. Ga abin da ya haifar. Akwai wani ɗan'uwan ruwa, haidirojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Siffarsu kusan ɗaya, sai dai salfa ne a mazaunin oksijin, kuma salfa ba shi da hannun ja irin naku. Nauyinsa ya kusa ninka na ruwa, 34 ne a kan 18, amma yana tafasa tun a digiri 60 ƙasa da sifiri. Ruwa kuwa, duk da rashin nauyinsa, sai ya kai 100. Da oksijin ba mai janyewa ba ne, ko da dunƙulen a miƙe yake, da Tafkin Chadi da Binuwai da Komadugu duk tururi ne a sama, babu mashaya, babu ciyawa, babu Jauro. A nan kam na yarda rowar Bafulatani ta yi wa duniya rana, kuma kada ka sa ran zan maimaita wannan magana a gaban mutane.

Wannan riƙon ne ya sa ruwa ke kwashe zafi mai yawa kafin ya tashi ya zama tururi. Shi ya sa gumi ke sanyaya jiki a watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, shi ya sa kuma ruwan randa ya fi na jarka sanyi, tunda randa na tsattsafowa iska na busarwa. In ruwa ya daskare kuma, riƙon huɗu-huɗun nan yana tsayawa cak ya bar sarari a tsakani, sai ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi da wajen kashi tara cikin ɗari, ta taso sama a kofin zoɓo.

To mu koma kan tambayar ɗiyarka. Ka jefa gishiri a ruwa. Wutar murhu ba ta iya narkar da shi, amma ruwan sanyi ya iya. Dunƙulen ruwa suna yanyame shi, su juya gefen oksijin wajen sodiyam, gefen haidirojin wajen kulorin, su ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kewaye shi a tafi da shi. Lita guda na iya shanye wajen giram 360. Tunda masu caji ne ke yawo a ciki, ruwan gishiri na ɗaukar wutar lantarki, dalilin da ya sa hannu mai gumi bai kamata ya kusanci tsirarar waya ba. Sukari ba ya rabuwa ya zama masu caji, amma jikinsa cike yake da oksijin riƙe da haidirojin, irin hannayen da ruwa ke kamawa, don haka lita guda na shanye kusan kilo biyu. Na san wannan lissafi bai ba ka mamaki ba, tunda na ga shayin da kake dafawa a 'yar butar nan, wanda cokali ke iya tsayawa a cikinsa. Sifirit ma yana da hannu ɗaya irin wannan, shi ya sa ruwa ya karɓe shi.

Mai fa? Man gyaɗa, manja, man shanu, man kaɗanya, duk gininsu ɗaya: dogayen sarƙoƙi uku na kabon, yawanci 16 ko 18 a jere, an lulluɓe su da haidirojin, an ɗaure su a gindi guda. Ka tuna kabon da haidirojin kusan raba daidai suke yi. Don haka doguwar sarƙar nan ba ta da gefen ƙari ko na ragi da ruwa zai kama. Amma gaba babu ita. Akwai ma ɗan ja mai rauni tsakanin mai da ruwa, irin wanda ke tsakanin kowane dunƙule da maƙwabcinsa, wanda Firiz Landan, Bajamushe, ya bayyana a 1930. Matsalar daga ruwa take. Ya riƙe 'yan'uwansa tamau, kuma kafin ya ba mai wuri sai ya takura kansa ya jeru a kewayen baƙon da ba shi da abin musaya. Sai ya matse shi waje, man ya tattaru wuri ɗaya. Mai bai ƙi kowa ba, dangin oksijin ne ba sa aurar da 'ya'yansu a waje. Ka san mutanen da nake nufi. A wajen nasa kuwa mai ba shi da wahalar sha'ani: kananzir na wanke baƙin man inji daga hannun makanike, turarenmu na miski da sandal na shiga man shafawa lafiya lau, abin da ruwa ba zai taɓa yi musu ba.

Abin dariyar shi ne duk wannan ilimi a kan uwargidanka yake yawo kullum, cikin ƙwarya, an rufe shi da faifai. Madarar saniya wajen kashi 87 cikin ɗari ruwa ce tun daga hantsa, tun kafin a ratsa ta rafi a hanyar kasuwa. Ban zargi kowa ba. Na dai fahimci cewa ruwa ɗan'uwanku ne, kuma zumunci ba laifi ba ne. Kitsen da ke ciki kuwa wajen kashi huɗu ne zuwa biyar. To me ya hana shi tattaruwa ya taso tun a jikin saniya? Domin a ɗigo-ɗigo yake, ƙanana ƙwarai, kuma kowane ɗigo an naɗe shi da wata 'yar fata ta dunƙulaye masu fuska biyu: jelarsu irin ta mai ce tana nutse cikin kitsen, kansu mai caji yana fuskantar ruwa. Ruwa ya duba ya ga fuskar ɗan'uwa, sai ya bar ɗigon ya zauna. Waɗannan ɗigo, tare da furotin ɗin madarar, su ke warwatsa haske har ta fito fara. In an bar ta ta kwana, ɗigon na tasowa a hankali su yi maiƙo a sama, nan ne kawai maganarka ta rashin nauyi ta yi aiki, na ba ka rabin maki. In kuma aka zuba a gora aka yi ta kaɗawa, fatar nan ce ke yagewa, kitse ya fito tsirara, ruwa ya ƙi shi, ya nemi ɗan'uwansa su dunƙule. Ga man shanu a gefe, ga tsala a gefe. Kindirmo ya fi tsada ne don ba a raba shi da kitsensa ba. Man shanun ma da sauran ruwa a ɓoye cikinsa, kusan kashi ɗaya cikin shida, shi ne ke tsalle yana fashewa in ana soya shi, har sai ya ƙone ƙamshi ya tashi.

Tunda na ambaci suya, ka faɗa wa mutanen gida wannan da gaske nake: in mai ya kama wuta a kasko kada a watsa ruwa. Ruwan zai nutse ƙarƙashin man, ya koma tururi a take, ya watso man mai ci a fuskar mutum. A rufe da murfi, a janye itace.

Wa ke sasanta mai da ruwa in sun rabu? Sai ka dawo wajen ubangidanka. Kanwa, wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi, kake saye da buhu kana jiƙa wa shanu, ita ma ɗaurin ayon ce, sodiyam da kabonet. Jiƙa ta, ka tsiyaye ruwan, ka zuba a manja kana juyawa. Manjan da ɗazu yake yawo a sama zai koma rawaya, ya yi kauri, ya haɗe da ruwan. Kanwar ta taɓa wani ɓangare na man ta mayar da shi sabulu, sabulun ya riƙe sauran. Da wannan hikimar mata ke dafa sabulun salo da ruwan toka da mai tun ba a san sunan Folin ba. Dunƙulen sabulu doguwar jela ce ta mai da kai mai caji. In kana wanke ƙwarya mai maiƙo, jelolin na nutsewa cikin maiƙon, kawunan na waje, sai ruwa ya kwashe su gaba ɗaya. Aikin da fatar nan ke yi a madara, shi sabulu ke yi a wanki. In ka ga ya ƙi kumfa a ruwan wata rijiya, sai wani farin dussa-dussa, to kalsiyam da magniziyam ne a ruwan suka kama kawunan suka hana su aiki. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kai dai ka daɗe tare da mu, kan ya yi fari, abin da ke cikinsa ne har yanzu muke jira.

Saura guda, kuma don lafiyarka na ajiye shi. Kowa ya san ɗan Fulani da yaji ba a shiri. In ka ci tsire mai barkono sai ka ga hawaye, kunya ta hana ka kuka, ka yi ta kwankwaɗar ruwa, wutar na ƙaruwa. Sinadarin da ke cizon harshe a barkono, kafsaisin, doguwar jela gare shi irin ta mai. Ruwa ba ya iya ɗaukarsa, sai dai ya baza shi ko'ina a baki. Abin da ke wanke shi kitse ne da furotin ɗin nono. Wato maganin na hannunka tun haihuwa, kana ta neman randa.

Don haka ina gayyatarka Yerwa bayan yarinya ta gama jarrabawa. Za a yi maka burabusko da miya, na kuma ce kada a tausaya wa attaruhu. Ka taho da kindirmo daga gida, daga ainihin ƙwaryar da ake kaiwa kasuwa, ba wadda ake ajiye wa maigida ba. In ka ci ka kurɓa yajin ya mutu, na janye duk abin da na faɗa a kan rafi. In kuwa ka kurɓa hawaye suka ci gaba da zuba, to ba sai mun kira sarkin kasuwa ba, harshenka ya ba da shaida.